Kunnen Aro: Tarihin Sauraron Magana a 'Yantattun Manhajojin Kwamfuta

A shekarar 2002 kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya janye wani kayan aiki da ya ɗan jima yana rabawa kyauta ga masu amfani da tsarin kwamfuta na Linux. Sunan kayan ViaVoice, aikinsa kuwa shi ne ya saurari maganar mutum ya mayar da ita rubutu. A wurin kamfanin wannan lissafin kasuwa ne kawai. Amma akwai mutanen da abin ya zame musu babban rashi, watau waɗanda ciwon hannu ko shanyewar gaɓoɓi ya hana su taɓa madannan kwamfuta, waɗanda da murya kaɗai suke rubuta wasiƙa, da ita kuma suke neman abincinsu. Wasu masu sa kai sun riga sun gina wata manhaja mai suna Xvoice a kan wannan kayan aiki, ta yadda mutum zai iya yi wa kwamfutarsa shifta, ya kuma ba ta umarni da baki. Ita Xvoice 'yantacciya ce, kowa na iya gyara ta yadda ya so, sai dai kunnen da take ji da shi na aro ne. Da mai kunne ya karɓe abinsa sai ta kurmance. Masu iya magana dai sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Kafin a yi nisa ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da 'yantacciyar manhaja. A watan Satumba na 1983 wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Richard Stallman, ya shelanta aniyarsa ta gina cikakken tsarin kwamfuta mai suna GNU, wanda kowa ke da ikon ya yi amfani da shi, ya karanta asalin rubutunsa, ya gyara, sa'an nan ya raba wa wanda ya ga dama. A Turanci kalma guda ce ke ɗauke da ma'anar kyauta da ta 'yanci, abin da ya sa Stallman da mabiyansa suka shekara da shekaru suna bayanin wacce suke nufi. Hausa ta hutar da mu wannan wahala. ViaVoice kyauta ce aka yi, ba 'yanci aka bayar ba, don haka ranar da aka so aka karɓe.

Wannan maƙala za ta bi sawun yadda masu wannan aƙida suka yi ta fafutikar sama wa kwamfuta kunnen da za a dogara da shi. Dogaron nan kuwa iri biyu ne. Akwai na cewa in ka yi magana na'ura za ta ji abin da ka faɗa, akwai kuma na cewa abin da ka saba aiki da shi yau za ka tashi gobe ka tarar da shi.

Daga lambobi goma zuwa lissafin yiwuwa

Tarihin ya girmi 'yantacciyar manhaja da kimanin shekara talatin. A 1952 masu bincike a ɗakunan gwaje-gwaje na kamfanin Bell suka ƙera wata na'ura da ake kira Audrey, wadda ke gane lambobi daga sifiri zuwa tara, muddin an daidaita ta da muryar mai maganar kuma ya numfasa tsakanin lamba da lamba. A 1962 IBM ya nuna tasa, Shoebox, a bikin baje koli na duniya da aka yi a birnin Seattle, tana gane kalmomi 16. Daga nan abin ya yi ta jan ƙafa, har a 1969 wani babban injiniyan Bell, John Pierce, ya buga wata wasiƙa mai zafi yana sukar fannin baki ɗaya, abin da ya sa kuɗin binciken ya ƙafe a kamfanin na wasu shekaru. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta farfaɗo da aikin da wani shiri na shekara biyar da ta fara a 1971. A ƙarshen shirin, a 1976, Jami'ar Carnegie Mellon ta fito da Harpy, wadda ta san kalmomi 1,011. Dabarar Harpy ita ce an riga an zana mata dukan jimlolin da za a iya faɗa mata, aikinta kawai ta zaɓi wadda ta fi kama da abin da ta ji. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da ita.

Babban juyin ya zo ne daga James Baker a Carnegie Mellon da kuma Frederick Jelinek da abokan aikinsa a IBM. Su ne suka daina ƙoƙarin koya wa na'ura ƙa'idojin furuci da nahawu ɗaya bayan ɗaya, suka koma ga lissafin yiwuwa. A tsarinsu na'ura mai sauraro tana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku. Na farko shi ne siffar sauti, watau bayanin yadda kowace ƙwayar sauti ke fita daga bakunan mutane daban-daban. Na biyu ƙamus ne na furuci, mai nuna ƙwayoyin sautin da suka haɗu suka tayar da kowace kalma. Na uku shi ne lissafin jerin kalmomi, wanda ke gaya wa na'ura cewa, alal misali, bayan "ina" da safe "kwana" ta fi yiwuwa a kan "kwano". Na'urar ba ta fahimtar komai. Cinke take yi, amma cinke mai lissafi.

A nan ne ƙashin bayan tarihin yake. Siffar sauti ba a rubuta ta da hannu. Sai an tara muryoyin mutane masu yawa, an rubuta abin da kowa ya faɗa kalma bayan kalma, sa'an nan a bar na'ura ta yi ta bi tana ƙirgawa. Tun daga wannan lokaci ingancin kunnen na'ura ya rataya a kan abu biyu: dabarar da aka rubuta, da muryoyin da aka ciyar da ita. Dabara mutum guda mai basira na iya rubuta ta a ɗakinsa ya raba wa duniya. Muryoyi kuwa sai da kuɗi, da ɗakin naɗar sauti, da ma'aikatan da za su zauna suna saurare suna rubutawa.

'Yan kasuwa ne suka fara cin moriyar wannan. James Baker da matarsa Janet sun kafa kamfanin Dragon a 1982. A 1990 suka fitar da DragonDictate a kan kimanin dala 9,000, wanda sai mutum ya riƙa tsayawa bayan kowace kalma, a 1997 kuma suka fitar da NaturallySpeaking mai karɓar magana a jere. A 2000 suka sayar da kamfanin ga Lernout & Hauspie na ƙasar Beljiyam, aka biya su da hannun jari na dala miliyan 580, kafin shekara ta ƙare sai aka gano maguɗi a littattafan kuɗin mai sayen, ya durƙushe. Fasahar ta yi ta sauya hannu har ta faɗa wa Microsoft a 2022. Ba a taɓa sayar da ita don Linux ba.

An 'yanta dabara, an riƙe muryoyi

Ta ɓangaren jami'o'i kuwa, a 1988 wani ɗalibin digiri na uku a Carnegie Mellon, Kai-Fu Lee, ya kammala Sphinx, wadda ke gane magana a jere daga bakin wanda ba ta taɓa ji ba. A gwajin da aka yi mata da kalmomi 997 ta sami kusan kashi 96 cikin ɗari daidai. A shekarar 2000 jami'ar ta saki asalin rubutun Sphinx ta biyu ga kowa da kowa, daga baya aka sami PocketSphinx don ƙananan na'urori. A Japan ma tun 1997 ake gina Julius, wadda ta samo asali a Jami'ar Kyoto. Jami'ar Kambirij ta Ingila tana da nata kayan aikin, HTK, wanda aka fara bayarwa kyauta a 2000, amma da sharaɗin kada wanda ya karɓa ya raba wa wani, saboda haka bai shiga sahun 'yantattu ba.

Ke nan a lokacin da IBM ya janye ViaVoice akwai 'yantacciyar dabara a ƙasa, kuma ba ta banza ba ce, daga hannun gwanayen fannin ta fito. To me ya hana a ɗora Xvoice a kanta a ci gaba da shifta? Muryoyi. Manyan rumbunan muryoyin Turanci da aka tara domin bincike, irin su TIMIT mai muryoyin mutum 630, da Switchboard na hirarrakin tarho, suna hannun wata cibiya da aka kafa a Jami'ar Pennsylvania a 1992, wadda ke bayar da su da kuɗi tare da sharuɗɗa. Kamfanoni kuma kowa ya kulle nasa. Sai ya zama an ba mutane injin niƙa, hatsin kuwa yana rumbun wani.

A 2006 aka buɗe VoxForge domin cike wannan giɓi. Tsarin mai sauƙi ne: duk mai so ya karanta 'yan jimloli a makirufonsa ya aika, a tara a ƙarƙashin lasisin GNU. Niyya ce kyakkyawa, kuma an amfana da ita, sai dai abin da aka tara bai kama ƙafar na kamfanoni ba. Bugu da ƙari, wanda zai ji labarin irin wannan shiri har ya zauna ya ba da muryarsa yawanci namiji ne ma'abocin kwamfuta. Na'urar da aka horar da muryoyinsu ta fi jin irinsu, in ta gamu da mace ko yaro ko tsoho sai ta riƙa tuntuɓe.

Saboda haka a tsawon shekarun nan masu 'yantattun manhajoji suka rage buri. Suka bar shifta, suka koma ga umarni. Maimakon na'ura ta saurari duk abin da mutum zai iya faɗa, sai a ba ta jerin kalmomi ashirin ko hamsin: buɗe, rufe, sama, ƙasa, goge. Manhajar Simon, wadda aka fara a ƙasar Ostiriya domin naƙasassu, ta wannan hanya ta bi, har tana barin mutum ya horar da ita da muryarsa, abin da ya taimaki waɗanda lalura ta sauya musu furuci. A ɗaki shiru, da makirufo kusa da baki, irin wannan tsari na aiki ƙwarai da gaske.

Amma yana da wani aibi da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi ɓata wa fasahar suna. Na'urar da aka ba jerin kalmomi ba ta san shiru ba, ba ta kuma san "ban ji ba". An gina ta ne ta zaɓi mafi kusa. In mutum ya yi tari, ko ƙofa ta buga, ko wani ya yi sallama daga waje, za ta duba jerinta ta ga wace kalma ce ta fi kama da wannan ƙara, ta zartar. Ana iya sa mata ma'auni, a ce kada ta motsa sai ta tabbata. In an tsaurara ma'aunin, mai ita zai yi ta nanata umarni tana kunnen uwar shegu da shi; in an sassauta, sai ta riƙa aikin da ba a sa ta ba. A ɗauka ga malamin da hannuwansa ba sa aiki, ya yi awa biyu yana haɗa jarrabawar ɗalibansa, sai ɗansa ya shigo da gudu yana kira, na'ura ta ji kamar an ce "rufe". A shifta kuskure yana tsayawa a kan takarda, a gan shi a gyara. A umarni kuwa kafin a farga an riga an aikata. Wannan ne dalilin da ya sa daga baya aka ɓullo da kalmar tayarwa, watau wani suna da sai an kira shi kafin na'ura ta fara karɓar umarni, ita ma kuwa tana da nata kurakuran.

Ko ma'aunin da masana ke gwada inganci da shi yana ɓoye wani abu. Ana ƙirga kalmomin da na'ura ta musanya, da waɗanda ta tsallake, da waɗanda ta ƙara, a raba da jimillar kalmomin da aka faɗa. Kuskuren kashi 10 cikin ɗari a kunne kamar ba yawa, alhali a shafi mai kalma 300 gyara talatin ke nan. Kuma ma'aunin bai bambanta kalma da kalma ba. Wanda ya ce "ba a biya shi ba", na'ura ta haɗiye "ba" ta farko da ta ƙarshe, kuskure biyu kacal aka ƙirga mata, amma ta mayar da labarin rashin biya ya koma umarnin a biya.

Makiyayin Habasha da rumbun jama'a

A 2009 wani taron bincike a Jami'ar Johns Hopkins ya haifar da Kaldi, wadda Daniel Povey ya jagoranta, aka sake ta a 2011. An raɗa mata sunan makiyayin awakin nan na Habasha da almara ta ce shi ya gano gahawa. Kaldi ta zo daidai lokacin da fannin ke komawa ga sabuwar hanyar lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wadda ta rage kurakurai sosai tsakanin 2009 da 2012, kuma nan da nan ta zama kayan aikin jami'o'i da kamfanoni da dama. Ga masani babu kamarta. Ga wanda kawai yake so ya yi wa kwamfutarsa magana kuwa, kamar a ba mai neman riga auduga ne da mazari. Daɗin daɗawa, sabuwar hanyar ta fi tsohuwar cin muryoyi.

A 2015 Povey da abokansa suka yi wata hikima. Tun 2005 masu sa kai na shirin LibriVox ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, suna saka muryoyin a intanet don kowa. Ga murya, ga kuma rubutunta a littafi. Sai suka yayyanka su suka daidaita, aka sami LibriSpeech, kimanin awa 1,000 na Turanci wanda ba a biyan ko kwabo. Sai dai karatun littafi daban, hira daban. Mai karatu ba ya in'ina, ba ya katse kansa, babu kuma babur da ke wucewa ta bayansa.

Kamfanoni a nasu ɓangaren sun sami rijiyar da ba ta ƙafewa. Da fitowar Siri a 2011 da Alexa a 2014, miliyoyin mutane suka shiga yi wa na'urori magana a kicin da mota da kasuwa, muryoyin na tafiya manyan kwamfutocin kamfani. A 2016 Microsoft ya ba da sanarwar cewa kuskurensa a gwajin Switchboard ya sauko zuwa kashi 5.9, daidai da na ƙwararrun masu rubuta magana.

Labarin Mycroft ya nuna irin tsaka mai wuyar da 'yantattu suka shiga. An kafa kamfanin a Amurka a 2015 domin ƙera mataimaki mai jin murya wanda asalin rubutunsa ke buɗe, kuma ba ya leƙen asirin mai shi. Amma da yake babu 'yantaccen kunnen da ya kai ingancin da masu saye suka saba da shi, sai ya zama Mycroft na tura muryar mai magana zuwa kwamfutocinsa, daga can a miƙa wa Google ya rubuta, bayan an ɓoye ko wane ne. Kunnen aro dai har wa yau. A farkon 2023 kamfanin ya tsaya, shugabansa ya ɗora alhakin a kan tsadar kayan ƙira da kuɗin shari'ar da suka yi da wani kamfani kan haƙƙin ƙirƙira. Sai dai a wannan karon abin bai zama irin na 2002 ba. Da yake rubutun manhajar a buɗe yake, masu sa kai sun ɗauka sun ci gaba da shi da sunan OpenVoiceOS. Wanda ya dogara da Snips na Faransa, wanda rabinsa a rufe yake, bai sami wannan sa'a ba: Sonos ya saye shi a ƙarshen 2019, cikin 'yan watanni aka rufe ƙofar da masu ƙira ke shiga.

Gidauniyar Mozilla ce ta tunkari matsalar daga tushenta. A 2017 ta fito da abu biyu, manhajar DeepSpeech da kuma rumbun Common Voice, inda kowa zai karanta jimla, wasu su saurara su tabbatar, a saki muryoyin ba tare da wani sharaɗi ba. A watan Agusta na 2020 Mozilla ta sallami ma'aikata kimanin 250, aikin DeepSpeech ya raunana. Waɗanda suka gina ta suka kafa kamfanin Coqui a 2021, shi ma ya rufe bayan kimanin shekara uku. Rumbun muryoyin kuwa ya ci gaba da cika. A ganina wannan shi ne ya tabbatar da inda darajar take: manhajoji sun zo sun wuce, muryoyin da aka tara suna nan ana horar da sababbi da su.

Gwanin da ba ya cewa bai ji ba

A watan Satumba na 2022 kamfanin OpenAI ya saki Whisper, wadda aka horar da awa 680,000 na sautin da aka kwaso daga intanet, ya kuma ba da ita da lasisin da ya halatta wa kowa ya yi amfani, ya gyara, ya raba. Ba da jimawa ba wani masani ɗan ƙasar Bulgeriya, Georgi Gerganov, ya sake rubuta ta yadda za ta yi aiki a kwamfutar gida ba tare da intanet ba. Shekara ashirin bayan janye ViaVoice, mai amfani da Linux ya sami shiftar Turanci mai inganci wadda babu mai iya karɓewa daga hannunsa.

Duk da haka akwai ayar tambaya a kan 'yancinta. An saki sakamakon horon, ba a saki muryoyin da aka yi horon da su ba, ba a ma faɗi takamaiman inda aka samo su ba. Wanda ya ga tana kuskure ba shi da hanyar komawa tushe ya duba dalili. Sa'an nan ta zo da wani sabon nau'in kuskure. Tsofaffin na'urori in sun kasa ji sukan fitar da shirme wanda kowa ya gani ya san shirme ne. Whisper kuwa ta ƙware a jera magana, saboda haka in ta gamu da shiru ko hayaniya wani lokaci sai ta ƙaga jimla tsaf, mai nahawu da ma'ana, wadda ba wanda ya faɗa. Wani bincike da Allison Koenecke da abokan aikinta suka gabatar a 2024 ya sami irin wannan ƙage a kimanin kashi 1 cikin ɗari na maganganun da suka gwada, fiye da sulusinsa kuma na ɗauke da abin cutarwa, kamar zancen tashin hankali ko jingina wa mutum abin da ba nasa ba. Abin ya fi faruwa ga masu lalurar magana, waɗanda kan yi dogon shiru a tsakiyar zance, watau mutanen da suka fi kowa bukatar na'urar. Ita dai wannan masaniya ce ta jagoranci binciken 2020 da ya gwada kunnuwan manyan kamfanoni biyar, ya tarar kuskurensu kashi 35 ne ga baƙaƙen fatar Amurka, kashi 19 ga farare. Ashe na kuɗin ma wanda suka saba ji suke ji.

Wani abin sha'awa shi ne abin da masu manhajar Home Assistant suka yi, wadda ake sarrafa fitilu da na'urorin gida da ita. Sun keɓe 2023 a matsayin shekarar murya, suka ɗauki Whisper, sai suka ga tana da nauyi a kan ƙananan kwamfutocin da mutane ke ajiyewa a gida. A 2025 suka ƙara wani kunne wanda ba ya sauraron komai sai jimlolin da aka riga aka tsara masa da sunayen kayan gidan. Dabarar Harpy ke nan ta 1976, ta dawo bayan kusan shekara hamsin.

Ina Hausa a ciki?

A 2012 masu bincike daga Karlsruhe ta ƙasar Jamus, ƙarƙashin Tanja Schultz, suka buga sakamakon aikinsu na na'ura mai sauraron Hausa. Muryoyin mutum kimanin ɗari suka naɗa, akasari a Kamaru, a garuruwa irin su Marwa da Duwala da Yawunde, duka-duka bai kai awa goma ba, kuma rumbun na sayarwa ne. Sun lura cewa sanya karin sauti da tsawon wasali a cikin ƙamus na furuci yana rage kuskure, abin da ba zai ba ɗalibin Hausa mamaki ba. Hausa ta shiga Common Voice a 2021. A wannan fitowar Kinyarwanda, harshen Ruwanda, yana da sama da awa 2,000, Turanci kaɗai ya fi shi, saboda wata ƙungiya a Kigali ta tsaya ta shirya jama'a. Na Hausa kuwa bai taka kara ya karya ba. Whisper ta lissafa Hausa cikin harsunanta, amma a gwajin da masu ita suka buga da kansu kalmomin Hausar da ta kuskure sun fi waɗanda ta samu yawa nesa ba kusa ba. A 2023 kamfanin Meta ya saki kunne mai harsuna sama da 1,100, wanda aka horar da karatun Sabon Alkawari, da sharaɗin ba za a yi kasuwanci da shi ba. Daga baya shirin NaijaVoices ya tara kimanin awa 1,800 na Hausa da Ibo da Yarabanci daga bakin dubban mutane, wanda babban ci gaba ne. Gidajen rediyo kuwa, tun daga sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 har zuwa na jihohi, sun watsa Hausar da ba ta ƙirguwa, amma abin da aka adana daga ciki mallakarsu ne, kuma murya ba tare da rubutunta ba rabin kaya ce.

Akwai kuma abin da ya shafi fanninmu kai tsaye. Daidaitacciyar hanyar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo rubutunsu ɗaya, haka kukan yaro da kukar miya suke kusan haɗuwa. Wannan yana sauƙaƙa wa na'ura ta wata fuska, tunda ba a tambayarta ta bambanta. Amma "ya zo" na labari da "ya zo" na umarni a baki daban suke, a takarda ɗaya. Na'ura za ta rubuta su daidai, ma'auni ya ba ta cikakken maki, alhali bambancin da kunnen Bahaushe ya ji ya zube a hanya. In kuma jimlolin da aka horar da ita an buga su babu ƙugiya, to ƙasa da kasa, ɓata da bata, duk za ta koye su a haɗe.

Sai batun karin harshe. A tsarin da Common Voice ta fara da shi, ba a karɓar murya sai mutum biyu sun saurara sun yarda cewa abin da ke rubuce aka karanta. Ƙa'idar ta gargaɗi masu sauraro kada su yi watsi da murya saboda bambancin lafazi, amma hukuncin na hannun mai danna maɓalli ne. Jimla ta ce "ya tafi", Basakkwace ya karanta "ya tahi". Ta ce "fara", ya ce "hwara". In masu tantancewar biyu suka ɗauki wannan a matsayin kuskuren karatu, muryarsa ba za ta shiga rumbu ba, na'urar da za a horar da rumbun kuma za ta tashi ba ta taɓa jin yadda ake magana a Sakkwato ko Tawa ba.